Wace Ce Za Ta Je Holan Ta Koyo Mana Aikin Ruwa?

 Yau ina so mu ɗan ajiye zancen girki da ɗinki, mu taɓa zancen ruwa, watau ruwan nan da kan shigo gida da tsakar dare ba ko sallama.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, ran nan ina koyar da labarin ƙasa a aji shida, sai na gaya wa yara cewa akwai wata ƙasa a Turai mai suna Holan, wadda wajen kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinta yana ƙasa da teku, amma mutane na zaune ciki suna noma da kiwo. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to su ina suke kai rumbunansu in ruwa ya zo?" Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, domin na san ɗakin uwarta yana cikin waɗanda suka zube a daminar 2020. Da aka tashi ta biyo ni, ta ce ita in ta girma can za ta je ta gano yadda suke yi. Kashegari ta dawo jiki a sanyaye, wai Inna ta ce wannan aikin maza ne.

To, Inna, da ke nake, da sauran iyaye mata masu ra'ayi irin naki.

Duk wadda ke zaune a ƙasar Jega ko Aliero ko Maiyama ba ta bukatar a ba ta labarin waccan shekara. Cikin Agusta da Satumba gulabe suka cika suka tumbatsa, ruwa ya shanye shinkafa tun ba a kai ga yanka ba, har aka ba da labarin cewa wajen hekta 450,000 ta salwanta a Jihar Kebbi. Shekara goma kafin wannan, a 2010, ruwan gulbin Rima daga wajen Goronyo ya yi ɓarnar da har gadar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato sai da ta tafi. In irin wannan ta faru, maigida ake nema a rediyo ya faɗi buhu nawa ya yi hasara. Amma wa ke tsamo kwanoni daga cikin laka? Wa ke neman busasshen icce ta dama wa yara kunu? In rijiya ta haɗu da masai, amai da gudawa suka biyo baya, wa ke kwana zaune da yaro a cinya? Kayan ɗakin da kika yi shekara da shekaru kina zubin adashi kina tara wa 'yarki, dare ɗaya sai a wayi gari suna ƙarƙashin ɓaraguzan gini. Sunan garinmu Katanga, amma kowa ya san katangar ƙasa ba ta kwana uku cikin ruwa. Saboda haka ban ga yadda za a ce zancen ruwa bai shafi mace ba.

Su ma mutanen Holan ɗin sun ɗanɗana. A daren 31 ga Janairu zuwa wayewar 1 ga Fabrairu na 1953, iska mai ƙarfi ta haɗu da cikar teku, ganuwoyin da ke tare ruwa suka fashe a kudu maso yammacin ƙasar. Mutum 1,836 suka rasu, da yawansu suna barci, domin a zamanin gidajen rediyonsu kan rufe da dare, gargaɗi bai isa kunnen kowa ba. Bayan haka ne suka ɗaura ɗamarar toshe bakunan koguna da manyan madatsai. Wata mai ƙofofin ƙarfe da ake saukewa in teku ta yi fushi an buɗe ta a 1986, wata kuma kusa da birnin Rotadam an gama ta a 1997.

Ga inda labarin ya fi yi mini daɗi. Da duniya ta ga abin da suke yi, sai ƙasashe masu fama da ambaliya suka nemi a koya wa 'ya'yansu. Cikin masu wannan roƙo har da jakadiyar Pakistan a Holan a lokacin, Begum Ra'ana Liaquat Ali Khan, mace Musulma kamar ni da ke. A 1957 aka fara kwas ɗin a wani gari mai suna Delft, shi ne ya girma ya zama makarantar da ake kira IHE Delft, wadda dubban ɗalibai daga Afirka da Asiya da sauran sassan duniya suka ratsa ta cikinta. Da Turanci ake koyarwa, kuma galibin ɗaliban manya ne masu digiri, waɗanda suka riga suka taɓa aiki a ƙasashensu. Ana koya musu yadda ake auna gudun kogi, da yadda ake lissafin inda ruwa zai kai in an yi kaza a sama, da gina ganuwa, da tsabtace ruwan sha, da rabon ruwa tsakanin manomi da makiyayi da mutanen birni.

Ni dai malamar firamare ce, ilmina bai yi zurfi ba, amma a ɗan karatun da na yi, abubuwa biyu na Holan sun fi manyan madatsan nan burge ni, kuma su ne nake ganin za su yi mana amfani tun da ba mu da kuɗinsu.

Na farko, suna da majalisun ruwa. Tun wajen shekara ɗari bakwai da suka wuce manomansu suka gane cewa in maƙwabcinka ya bar tasa ganuwar ta zaizaye, gonarka ma ta tafi. Sai suka haɗa kai, kowa da yankin da zai gyara, da mai zagayawa yana dubawa, da tara ga wanda ya yi sakaci. Yau akwai irin waɗannan majalisu 21 a ƙasar, jama'a ke zaɓen wakilansu duk shekara huɗu, kuma gidaje na biyan harajin ruwa dabam, ba a haɗa shi da na komai. Da na karanta haka sai na ce, ashe gayya ce da adashi, sai dai su sun rubuta tasu a takarda, ba su kuma bari ta mutu ba. Mu kuwa kwatar ƙofar gida ma sai ta cika da leda da toka, kowa na jiran hukuma, har ruwan farko ya sauka ya rasa hanya ya nufi gindin bango.

Na biyu ya fi ban mamaki. A 1993 da 1995 kogunansu suka cika ƙwarai, har a farkon 1995 aka kwashe mutum wajen 250,000 daga gidajensu don tsoron kada ganuwa ta fashe. Ba ta fashe ba, amma sun tsorata. Suka zauna suka ga cewa in ana ta ƙara wa ganuwa tsawo, ranar da ta karye ɓarnar sai ta ninka. Sai suka fito da shirin ba kogi fili a wurare fiye da 30. A birnin Nijmegen sun ja ganuwa baya da mita 350, suka haƙa wa kogin Waal wata hanya ta biyu. A wata fadama mai suna Overdiep kuwa, manoman da kansu suka ba da shawara a yi musu tuddai a ɗora gidajensu da garkunan shanunsu a kai, in ruwa ya yi yawa ya malala cikin gonaki kwana kaɗan ya wuce. Wannan ita ce amsar tambayar ɗalibata: a kan tudu suke ajiye rumbunansu. Kakanninmu ma ai haka suka yi, gari a jigawa, gona a fadama. Mu ne da muka yi yawa muka gangara muna gini a kan hanyar ruwa.

Sai dai kada a ɗauka duk abin da ya yi a Holan zai yi a nan. Fadamar da aka kewaye da ganuwa ana sarrafa ruwanta, su suna ce mata folda, kuma mu ma an so a yi mana irinta a Zauro, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Tun 1969 aka fara zancen, fili fiye da hekta 10,000. A 1982 aka yi ɗan gwaji na hekta 100, sai ga ruwa yana tsattsafowa ta ƙarƙashin ganuwa yana kwanciya a gonaki, manoma da yawa kuma suka ƙi amincewa da babban aikin don gudun rasa gonakin gado. Su ruwansu kusan duk shekara yake sauka kaɗan-kaɗan, mu namu wata huɗu ne, sa'an nan rani ya zo mai albasa a Aliero yana neman na ban-ruwa ido rufe. Don haka wanda zai je koyo, gara ya zama ɗan gida wanda ya san gulbin Zamfara tun yana yaro, ya san Sarkawa da abin da suka sani na halin ruwa. In kuwa 'yar gida ce, to ta fi shi da abu guda, domin ita za ta shiga har cikin ɗaki ta zauna da matan kulle ta ji inda ruwa ya fara shigowa, abin da injiniya namiji ba zai taɓa samu ba.

Na san abin da ke ran iyaye: tarbiyya, da aure, da nisan ƙasa. Ba na raina wannan tsoro. Amma ku lura, ba yarinya 'yar shekara goma sha biyar ake turawa ba. Sai ta gama jami'a, watakila ma da aurenta, kuma karatun digiri na biyu shekara ɗaya ne zuwa biyu. Akwai Musulmi da masallatai a can. Maigidan da ya bar matarsa ta je aikin hajji ta dawo, in an bi shi da lalama da hujja, ba zai rasa fahimta ba.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, hanyar Delft daga kan allon aji ta fara. Ku daina gudun lissafi kuna cewa na maza ne. Ku riƙe shi da kimiyya da labarin ƙasa da Turanci, domin in babu kiredit a lissafi da Turanci, ƙofar karatun injiniya a jami'a ba ta buɗuwa. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan a Aliero tun 2006, ba sai an yi doguwar tafiya ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashe guda na injiniyan albarkatun ruwa, a Kaduna kuma akwai cibiyar koyar da aikin ruwa ta ƙasa. Kuɗin karatu a Turai ba na talaka ba ne, gaskiya ce, sai da tallafi, shi kuwa tallafi mai kyakkyawan sakamako ake dubawa.

'Yan ajina dai na ba su aikin gida. Na ce kowace ta je wurin kakarta ko wata tsohuwa a unguwa, ta tambaye ta shekarun da ruwa ya taɓa shiga gari, da inda ya tsaya, ko gindin wace bishiya, ko ƙofar wane gida, ta rubuta a littafi. Yarinyar nan ta kawo shafi uku cike, da ɗan zanen unguwarsu, ta ja jan layi a inda ruwan 2020 ya kai. Da na tambaye ta wa ya nuna mata wurin, sai ta ce Inna ce ta ɗauki mayafi ta raka ta har can.