Shin Ko Kun San? Tattakin Sadaka a Bakin Ruwa, daga Liverpool zuwa Jakara

Shin ko kun san a Ingila mutum kan ɗauki hutun mako guda daga wurin aiki, ya ɗaure takalmi, ya bi gefen magudanar ruwa a ƙafa daga wannan gari zuwa wancan, kuma duk mil ɗin da ya taka kuɗi ne ke shiga asusun marasa lafiya? Tsarin ba wuya. Kafin ya tashi zai zaga dangi da abokan aiki da takarda a hannu. Wane ya rubuta fam ɗaya a kan kowane mil, wance ta ce fam ashirin in har an kai ƙarshe. In ya dawo, ƙafa duk bororo, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya karɓa. Yanzu shafukan intanet irin su JustGiving sun maye gurbin takardar, kowa na ganin abin da ya shigo. Gwamnati ma tana sa hannu: in mai bayarwa yana biyan haraji, ƙungiyar agajin kan karɓo ƙarin kashi 25 cikin ɗari a kan abin da ya bayar.

Shin ko kun san daga cikin masu irin wannan tattaki har da 'yan Firimason, waɗanda littattafan Larabci ke kira Masuniyya? Ƙungiya ce da ta ɗauko sunanta da alamominta daga maginan dutse na zamanin da, babbar majalisarta ta farko kuma a Landan aka kafa ta a 1717. Matsayin addini a kanta a bayyane yake. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta haramta shigarta a 1978, Cocin Katolika kuwa tun 1738 ya hana mabiyansa. Ni ma a nan na tsaya. Amma yadda suke tara kuɗi abin dubawa ne. A 2016 suka haɗe manyan asusunsu wuri guda, kuma kowane lardi nasu yana da zagayen da yakan kwashe shekaru yana tara gudummawa, wasu da liyafa, wasu da tseren keke, wasu da tattakin kwanaki. Kuɗin kan je ga iyalan 'yan ƙungiyar, wani kaso kuma ga gidajen jinyar waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu da jiragen ɗaukar marasa lafiya. Hikima kayan mumini ce da ya ɓatar, inda ya tsince ta ya fi kowa cancanta da ita.

Me ya sa sai bakin ruwa? Saboda ruwa ba ya hawa tudu. Magudanan nan haƙa su aka yi da hannu don jigilar kaya kafin zuwan jirgin ƙasa, kuma kowace tana da siririyar hanya a gefe inda doki ke tafiya yana jan kwalekwale da igiya. Doki ɗaya kan ja kusan tan 30 a kan ruwa. Ta Bridgewater, wadda aka buɗe a 1761, ta karya farashin kwal a Manchester da kusan rabi. Dawakan sun tafi, hanyarsu ta rage a shimfiɗe, ba mota, ba hawa da gangara sai ɗan abin da ba a rasa ba a wuraren da ake ɗaga kwalekwale. Tsoho ɗan shekara saba'in zai iya bin ta.

Shin ko kun san wadda ta haɗa Leeds da Liverpool tsawonta mil 127 ne, wato kimanin kilomita 204, ta fi nisan Kano zuwa Katsina? An kammala ta a 1816. Mai yin kilomita 30 a yini zai gama ta a mako guda. Liverpool ɗin nan kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Can ne gidan kamfanin John Holt, wanda kakanninmu ke kira Janhol, kuma tana cikin tashoshin da gyaɗar Kano ta riƙa sauka bayan da jirgin ƙasa ya iso nan a 1911. Jirgin nan ne ya haifi Sabon Gari, wajen 1913, don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo layin dogo daga Kudu. Fagge ta girme ta nesa ba kusa ba, domin zangon ayari ce tun zamanin da raƙuma ke sauke kaya a bayan ganuwa.

Shin ko kun san waɗannan unguwanni biyu ruwa ɗaya ne ya ɗinke su? Jakara. Wanda ya tashi a Fagge ya san ta da wari da baƙin ruwa da ledoji, amma ta girmi sarautar Kano kanta. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta tun zamanin Barbushe, lokacin tana cikin wani kurmi da mutanen Dala ke girmamawa. A bakinta Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851 ya tarar da ita fadama ce da ta raba birnin. Daga cikin gari take fitowa, ta ratsa Kwarin Gogau a Fagge, ta bi gefen Sabon Gari da Nomansland, ta wuce Kwakwaci da Gama, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, sannan ta zube a dam ɗin Wasai.

Ku tsaya a kan gadar titin filin jirgi da sassafe ku leƙa. Za ku ga injin ban ruwa na tartatsi a bakin gaɓa, tiyo ya nutse cikin ruwan da ya yi baƙi ƙirin, can gaba kuma fangalin latas da alayyafo da kabeji sun yi kore shar. Wani yaro ya naɗe wando zuwa gwiwa yana ɗauraye karas a wani ɗan gurbi. Kafin hantsi kayan nan sun isa kasuwa, kafin azahar suna cikin kwanonmu. Masu binciken jami'o'inmu sun sha auna ruwan nan suna samun sinadaran ƙarfe masu cutarwa a ciki. Ban ga laifin manoman ba, ruwan da ke gabansu ke nan, kuma da shi suke ciyar da iyali. Laifin yana kan birnin da ya mai da koginsa bola.

A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, aka fara aikin rufe Jakara da kankare a shimfiɗa titi a kai, wanda jama'a ke kira Wuju-Wuju. Rufewa ta rage wari a inda aka rufe, amma ruwan sama bai san da wannan ba. A daminar 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta jiƙa atamfofi da shaddodi na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan toshewar magudanai da gine-ginen da aka yi a hanyar ruwa.

Shin ko kun san Kano ma tana da magudanan da aka haƙa da gangan, masu hanya a gefe? Dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, shi ke tura ruwa ta babbar kanal zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Shinkafa da tumatir da alkamar Kadawa daga nan suke sha.

Tafiyar ƙafa kuwa ba wanda zai koya mana. Fatake sun yi watanni a hanyar Gwanja don goro. Alhazan da sun bi ta Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi kafin su ga Ka'aba, jikokin waɗanda suka yada zango a hanya suna Sudan har gobe. A watan Afrilun 2015 Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja cikin kusan mako uku don murnar nasarar Muhammadu Buhari, daga nan matasa suka ɓarke da tattaki ta ko'ina, wannan don gwamna, wancan don sanata. Abin da ke ci mini rai shi ne da yawan wannan gumi a ƙofar 'yan siyasa ya ƙare. Da kowane kilomita an ɗaura masa naira ɗari daga hannun mutum dubu, da an sayi jini da magani ga mata masu haihuwa a asibitocinmu.

Shin ko kun san ƙungiyar Rotary daban, Firimason daban, ko da yake mutane da yawa a nan kan haɗa su? Rotary ce ta ɗauki yaƙi da shan inna tun 1985, kuma rassanta a Najeriya kan fita tattakin wayar da kai a ranar 24 ga Oktoba. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a Jihar Kano a Sumaila yake, a Yulin 2014. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Shin ko kun san wani tsohon soja ɗan shekara 99 a Ingila, Kyaftin Tom Moore, ya tara sama da fam miliyan 32 a 2020 da zagaya lambun gidansa sau ɗari yana dogara keken tafiya? Fam dubu ɗaya kacal ya nufa, don ma'aikatan lafiya lokacin korona. Wancan kuɗi ya isa inda aka nufa. Amma gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya, hukumar sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta bincike ta, ta fitar da rahoto a 2024 cewa an tafka kura-kurai wajen tafiyar da ita. A can doka ta tilasta wa ƙungiyar agaji mai rajista ta kai lissafinta duk shekara, kowa kuma na iya buɗewa ya gani. Mu a nan an iya ƙaddamar da gidauniya: a kira babban mai ƙaddamarwa, maroƙi ya faɗi miliyoyi a lasifika, a tafa, a watse. Bayan shekara ka tambayi nawa aka karɓa a hannu, sai a ce kana neman rigima.

Daga Kasuwar Kurmi zuwa Wasai, in an bi Jakara, ba ta wuce tafiyar kwana biyu ba. Matasan Fagge da na Sabon Gari, na masallaci da na coci, su fito tare, tunda sauron da ke tashi daga ruwan nan ba ya tambayar addinin wanda zai ciza. 'Yan Kwari da Singa da Kasuwar Sabon Gari su yi alkawari a kan kowane kilomita, a rubuce, da suna da lambar shago. Kuɗin a sa shi a yashe magudanai kafin damina da sayen gidan sauro ga gidajen da ke bakin ruwan. Lissafin kuma a manna shi a ƙofar Masallacin Juma'a na Fagge da ƙofofin coci-cocin Sabon Gari, a karanta shi a rediyo, abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ruwan leda da aka sha a hanya.