Minshari Mai Yanke Numfashi: Yadda Ake Shirin Kwana A Asibiti Don Gwajin Barci

A kasuwanninmu na Ƙonni, Malbaza, Galmi da Badagishiri babu wanda bai san Alhajin da ke gyangyaɗi a bakin shagonsa tun hantsi ba, ko Hajiyar da barci ke sacewa a jikin buhun albasa alhali mai ciniki na tsaye yana jiran canji. Abin da aka saba faɗi shi ne gajiya ce, wasu kuma su yi ba'a su ce daula ce ta yi yawa. In dare ya yi kuwa, minsharin irin wannan mutum, ko hansari kamar yadda wasunmu ke cewa, har maƙwabta yake hana runtsawa.

To jama'a, akwai minsharin da ba abin dariya ba ne. Shi ne wanda mai shi zai yi ta ja, can sai a ji tsit kamar an toshe masa baki, bayan ɗan lokaci ya zabura da ƙarfi yana haki, ya koma ya ci gaba. Wannan shirun da ake ji, numfashi ne ya tsaya. Likitocinmu na rubuta sunan ciwon a takarda da Faransanci, apnée du sommeil, wato ɗaukewar numfashi cikin barci. Muna yawan samun tambaya a kansa daga masu sauraro a gidan rediyo, galibi daga mata masu tsoron kada wata rana maigida ya yi shirun da ba zai dawo ba.

Me ke faruwa a maƙogwaro?

Idan mutum ya yi barci, naman da ke kewaye da maƙogwaronsa yakan saki. Ga mai ƙiba, ko mai kaurin wuya, ko mai ƙaramin haɓa, harshe da naman ganda sukan faɗa baya su rufe hanyar iska. Ƙirji na ta kokawa amma iska ba ta shiga, iskar da ke cikin jini ta yi ƙasa, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da shi na ɗan ƙiftawar ido don ya buɗe maƙogwaro. Shi bai san ya farka ba. Likitoci na ƙirga tsayawar ne in ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, kuma akwai wanda takan same shi sau ɗaruruwa a dare ɗaya. Shi ya sa yake wayar gari da ciwon kai da bushewar baki, ya tashi fitsari sau da yawa cikin dare, da rana kuma ga mantuwa ga saurin fushi. Wasu in sun farka a shaƙe sai su ce dannau ne, su nufi wajen mai magani.

Wani likitan Faransa mai suna Henri Gastaut da abokan aikinsa a birnin Marsai suna cikin waɗanda suka fara auna wannan abu a 1965, sannan a 1976 wani Bafaranshen, Christian Guilleminault, da ke aiki a jami'ar Stanford ta Amurka, ya fito da bayaninsa a matsayin ciwo mai zaman kansa. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet Respiratory Medicine a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke da shi a duniya, kuma miliyan 425 daga cikinsu nasu ya kai matsakaici ko mai tsanani. Ya fi kama maza, amma mata ma sukan shiga sahu, musamman bayan ɗaukewar al'ada.

Haɗarinsa shi ne yana tafiya da hawan jini, wato tansiyo, musamman irin wanda ake ta shan magani ya ƙi sauka, da ciwon suga, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Ga direbobin kamiyo masu ɗaukar siminti daga Malbaza ko albasa daga Galmi, da ƴan kabu-kabu, lamarin ya fi muni, domin bincike ya nuna haɗarin mota ga mai wannan ciwo ya fi ninki biyu na wanda ba ya da shi.

Daga ina ake farawa?

Ana farawa ne daga inda aka saba: CSI, ko asibitin gunduma a Ƙonni ko Ilela, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, ko babban asibitin jiha a Tawa. Can za a auna jini da nauyi da kaurin wuya, a yi tambayoyi a kan barcin rana. Wuyan da ya wuce santimita 40 yana cikin alamun da ake dubawa. In likita ya yi zargi, sai ya tura mutum wajen ƙwararre a kan huhu ko maƙogwaro ko jijiyoyi, irin waɗanda suka fi yawa a manyan birane kamar Yamai, shi ne kuma zai faɗi inda za a yi gwajin. Gwajin iri biyu ne. Akwai babba, polysomnographie, wanda ake kwana a asibiti, akwai kuma ƙarami, polygraphie, wanda ke auna numfashi da iskar jini kawai, wani lokaci ma a ba mutum na'urar ya je masauki ya kwana da ita.

Daga Ƙonni zuwa Yamai kilomita kusan 420 ne. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga kuɗin gwaji, ga shago a rufe. Duk wannan ɗawainiya kuwa don dare ɗaya tak ake yin ta. In daren ya lalace, sai an sake wani. Saboda haka kada a hau mota sai an buga waya an tabbatar da rana da awa da kuɗin da za a biya. A zaɓi ranar da ba ta ci karo da babban ciniki ba, mutumin Ƙonni dai ya san abin da Laraba take nufi, domin wanda hankalinsa ke kan rumfarsa ba ya samun barci.

Ranar gwaji

Abin da likita ke so ya gani shi ne barcinku na kullum, ba wani barci na musamman ba. Duk shirin a kan wannan yake.

Na farko, a isa garin tun kwana ɗaya kafin ranar. Wanda ya taso da asuba ya yi ta barci a mota har Dosso, in dare ya yi idonsa zai bushe. Ranar gwaji ba a ƙailula, ko da an saba.

Na biyu, daga azahar a ajiye shayi, da goro, da Nescafé, da lemunan kwalba masu sa kuzari. Sinadarin da ke cikinsu mai hana barci yakan ɗauki wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, ke nan shayin la'asar na nan a jini har bayan isha'i. Mun san raba ɗan kasuwa da butar shayi ba ƙaramin aiki ba ne, amma yini ɗaya ne. Giya kuwa tana ƙara sakin maƙogwaro, ba a kusantarta. Abincin dare a ci kamar yadda aka saba, kada a cika ciki.

Na uku, maganar magunguna. A tafi da karne da duk maganin da ake sha cikin kwalinsa, har na gargajiya. Wanda ke shan tramol, ko ƙwayar sa barci da yake saye wajen masu talla, ya daure ya gaya wa likita gaskiya, domin irin waɗannan ƙwayoyi suna rage ƙarfin numfashi kuma suna canza sakamako. Likita ba ɗan sanda ba ne. Kada kuma kowa ya tsayar da maganin tansiyo ko na suga da kansa don zai yi gwaji, sai in likita ne ya ce.

Na huɗu, ga iyayenmu mata. Za a manna ƙananan wayoyi a fatar kai, don haka a wanke gashi da sabulu, kada a shafa mai ko kaɗan, haka ma fuska da jiki. A tambaya tun da wuri ko sai an tsefe kitso, musamman in an yi ƙarin gashi. Akwai kuma ƴar na'ura da ake maƙala wa yatsa mai auna iskar jini da haske, wadda jan farce da baƙin lalle kan iya ruɗa ta. In akwai biki a gaba, a jinkirta ƙunshi, ko a bar yatsa ɗaya ko biyu fari. Wadda take son mace ce ta ɗaura mata wayoyin, ta faɗa tun ranar karɓar lokaci, haƙƙinta ne ta nema. A tafi da riga mai sakewa da wando ko zane mai sauƙi.

Wanda mura ta toshe wa hanci ko zazzaɓi ya kama, ya buga waya a ɗaga ranar. Sannan akwai shaidar da ta fi kowace daraja, wato ta abokin kwana. Mai minshari shi ne na ƙarshen sanin halin da yake ciki. Uwargida ta ɗauki sautinsa da wayar salula na ƴan mintoci, ta kuma lura da yawan shirun, a nuna wa likita.

Cikin ɗakin

Akan shiga ne da yamma ko bayan magariba. Ya fi kyau a yi alwala a yi isha'i kafin a fara ɗaura kaya, domin ɗaurin kan ɗauki wajen awa guda. Za a sa wayoyi a kai, da gefen idanu, da haɓa, da ƙirji, da ƙwauri, a ɗaura ɗamara biyu a ƙirji da ciki, a sa ƴar roba a bakin hanci. Babu allura, babu ɗibar jini, kuma wayoyin ba sa sa wa mutum lantarki, saurare kawai suke yi. Ana iya juyawa yadda ake so. In fitsari ya matsa, a kira ma'aikaci ya cire mahaɗin wayoyin, a je a dawo. A kashe salula. Wanda ke tsoron ba zai iya barci a baƙon wuri ba ya kwantar da hankalinsa, ko barcin bai kai na gida ba, awoyi kaɗan kan isa a ga abin da ake nema. Da safe za a kwance kayan, a wanke ɗanƙon da ke kai da ruwan ɗumi.

Sakamako da magani

Sakamakon lamba ce: sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a kowace awa ta barci. Ƙasa da 5 lafiya lau, 5 zuwa 14 ciwon mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 ko fiye mai tsanani. A karɓi takardar a adana, kada a bar gari ba a san ranar komawa wajen likita ba.

Ga mai sauƙi, rage ƙiba da kwanciya a gefe maimakon rigingine suna taimakawa sosai. Wani bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka da aka buga a 2000 ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyi kan rage lambar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ga mai tsanani akwai na'ura mai hura iska a hankali ta hanci don maƙogwaro ya zauna a buɗe, wadda likita Colin Sullivan na Ostareliya ya bayyana a 1981. A nan ana ce mata PPC, a Najeriya kuma CPAP. Tana buƙatar wuta duk dare, don haka mai niyyar saye ya yi lissafin batir ko sola, kuma likita ne ke saita ƙarfinta, ba a aron ta maƙwabci. Muna kuma jan hankali cewa kai wa wanzami ya yanke beli ba ya maganin wannan ciwo, sai dai ya jawo zubar jini.

Kafin ranar gwaji ta zo, direban da ya san barci na fizgarsa ya tsaya a gefe ya huta, kada ya biye wa goro da tramol, domin ran fasinja amana ne. Ɗan kasuwa ba ya karɓar buhu sai ya ɗora a sikeli, to barcin ma a bari a auna shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa, amin.