Kwana 12 da doka ta ba majinyaci, da inda annoba ta fi ƙarfinsu

Ma'aikata da yawa a Samaru da Sabon Gari, daga masu gasa burodi zuwa 'yan gidan mai da masu gadi, sun ɗauka ranar da ciwo ya kwantar da mutum ta tafi da kuɗinta ke nan. Doka ba ta ce haka ba. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya biya ma'aikaci albashinsa har na ranakun aiki 12 a shekara idan rashin lafiya ta hana shi fitowa. Sai dai da sharaɗi: a kawo takardar likita mai rajista, kuma idan maigida ya ce likitansa ya duba majinyacin, to ya yarda. Rasidin mai kemis na bakin layi ba ya cike wannan gurbi.

Ga zazzaɓin damina, kwana 12 sun isa. Korona ce ta tona asirin lissafin. An tabbatar da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, kafin Maris ya ƙare an kulle Jihar Kaduna, har gwamnan lokacin, Nasiru el-Rufa'i, ya sanar cewa ya kamu. Killacewar lokacin kwana 14 ce. Mai aikin Litinin zuwa Asabar yana da ranakun aiki 12 cif a cikin mako biyu, wato killacewa ɗaya ta lamushe rabonsa na shekara. In taifod ta biyo baya, sai dai tausayin maigida.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Dokar a kan majinyaci take magana. Wanda jami'an lafiya suka ce ya zauna a gida don ya yi cuɗanya da mai cutar, alhali shi garau yake, ba shi da madafa a sashen. A zazzaɓin Lassa kuwa kwana 21 ake sa ido a kan irin wannan mutum. Ɗauki mai yankan burodi a Unguwar Gabas da ake biya duk ƙarshen mako: in ya faɗi gaskiya ya rasa cefane, in ya yi shiru ya shiga cikin abokan aiki da jikin da bai tabbatar da shi ba. Mafi yawa shirun za su zaɓa, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Maigidan da ya yi tsimin albashin mako biyu na iya wayar gari rabin ma'aikatansa suna kwance.

Wasu ƙasashe sun toshe ɓarakar cikin gaggawa. A Maris 2020 Amurka ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata ƙasa da 500 su ba da hutun jinya na awa 80 da biya, gwamnati ta mayar musu da kuɗin ta hanyar rangwamen haraji. Ingila ta fara biyan kuɗin jinya tun ranar farko maimakon ta huɗu, ta haɗa da masu killace kansu. Rangwamen nan na Amurka shi ya kamata mu duba, don mai shagon fotokwafi a bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello ba zai iya ɗaukar albashin yaransa shi kaɗai ba ranar da ɗalibai suka watse.

Wanda ya ɗauki cutar a bakin aiki, kamar ma'aikacin jinya, maganarsa daban ce: Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF domin biyan irin wannan diyya. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago kuma ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗansa, har da na jinya. Ita ce hujjar da za a fara nema idan magana ta kai ofishin ƙwadago ko Kotun Ma'aikata a Kaduna, kuma yawancin masu aikin shago ba a taɓa ba su ita ba.