Raba Tsaba da Ƙaiƙayi a Kan Zancen Tsara Lokaci

Tun da aka ɗauke gadon sarautar Katagum daga tsohon garin da Malam Zaki ya kafa aka dawo da shi Azare, garin nan bai fasa bunƙasa ba, har ya zamana a yau in mutum ya tsaya bakin hanya da hantsi zai ga malaman Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da likitoci da ma'aikatan jinya na asibitin tarayya, da masu nufar jami'ar Gadau, kowa yana sauri, kowa kuma yana kukan ƙarancin lokaci. To, da yake inda ciwo ya yawaita nan masu magani suke taruwa, maganganu iri-iri sun yaɗu a majalisu da wayoyin hannu, waɗanda ya wajaba a baje su a faifai a tantance sahihi da ɓatacce.

Ta farko ita ce wai tsara lokaci al'adar Turawa ce, wadda ba ta dace da tawakkali ba. Wannan magana ba ta da tushe, domin duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure ya karanta Ahalari ko Risala ya san kowace salla tana da lokacinta na zaɓi da na lalura, kuma Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya tsara wa ɗalibi yininsa a cikin Bidayatul Hidaya tun daga farkawa har zuwa kwanciya. Tawakkali bai taɓa hana mutum ɗaure raƙuminsa ba.

Ta biyu, wai gwanin ma'aikaci shi ne mai haɗa ayyuka da yawa a lokaci guda, yana rubutu, yana amsa waya, yana sauraron baƙo. Masana halayyar ɗan Adam sun jarraba wannan, suka tarar hankali tsalle yake yi daga wannan aiki zuwa wancan, kowane tsalle kuwa yana cin lokaci yana ƙara kuskure. Magabata sun riga sun yanke hukunci da suka ce taura biyu ba ta taunuwa.

Ta uku, wai kwana 21 sun isa sabuwar ɗabi'a ta zauna. Asalin zancen wani likitan fiɗa ne na Amurka, Maxwell Maltz, wanda a littafinsa na 1960 ya ambaci cewa majinyatansa sukan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu, sai masu ruwaya suka yar da kalmar aƙalla suka mai da abin ƙa'ida. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a birnin Landan, wanda ya fito a 2009, ya sami matsakaicin kwana 66, wasu 18 suka ishe su, wasu kuwa sai 254. Saboda haka wanda ya yi mako uku bai saba ba, kada ya yanke ƙauna.

Ta huɗu ita ce mafi nauyi a ƙasarmu, wato wai duk wanda bai halarci kowane suna da ɗaurin aure da jana'iza ba ya yanke zumunci. A nan akwai gaskiya, domin sada zumunci wajibi ne, kuma garin da mutane suka daina taruwa don junansu ya mutu ko da gine-ginensa suna tsaye. Amma fiƙihu ya zo da tartibi: sallar jana'iza farali kifaya ce, in wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, alhali kuwa majinyacin da ke jiran likitan da ke bakin aiki, da ajin da ke jiran malaminsa, amana ce da ta rataya a wuyan mutum guda wanda yake karɓar albashi dominta. Ahalari ma ya hana wanda ake binsa bashin sallolin farilla shagaltuwa da nafiloli. Ta'aziyya tana yiwuwa bayan la'asar, amma darasin da aka tsallake da hantsi da wuya a rama shi.

Ta biyar, cewa akwai albarka a sammako, gaskiya ce, da sanyin safiya ake kama fara. Sai dai sharaɗinta shi ne a kwanta da wuri, domin likitoci sun tabbatar baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye, kuma wanda ya raba dare yana duba waya ba zai ci ribar asuba ba.

Don haka ina kira gare ka, ya kai ma'aikaci, da ka zauna bayan sallar isha'i ka rubuta abubuwa uku da babu mai sauke su gobe sai kai, ka fara da su kafin ka buɗe ƙofa ga sauran buƙatu, domin ranar hisabi za a tambaye ka a kan rayuwarka da abin da ka ƙarar da ita a cikinsa.