Kafin Ka Miƙa wa Mai Ɗinki Makullin Motarka

Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello ko na Audu Bako a Nassarawa GRA da la'asar zai ga motocin da kuɗin guda ɗaya ya isa ya sayi gida a wata unguwar: Mercedes mai tambarin AMG, BMW, Lexus, Range Rover, fenti na ɗaukar ido, inji na gurnani. To amma a buɗe ƙofa a leƙa ciki. Wata dashbod ɗinta ya tsage, wata yadin rufinta ya zazzago yana shafar hular direba, wata kuma gefen kujerar direba ya ƙoƙe har soso ya leƙo. Da yawansu sun yi shekaru a Amurka ko Turai kafin su sauka a Apapa ko Kwatano, sannan suka zo suka haɗu da ranar Kano.

Mai motar yakan ɗauki wannan a matsayin ƙaramar matsalar ado, ya aiki direba wurin mai ɗinkin kujera mafi kusa. A nan kuskuren yake. A tsohuwar Peugeot 504, kujera kujera ce kawai: ƙarfe, soso da leda. A motar zamani mai gudu kuwa, cikin kujerar akwai jakar iskar da ke fashewa ta tare mutum idan an yi karo, akwai na'urar da ke gane ko an zauna a kai, akwai wayoyi da ƙananan injinan da ke matsar da ita. Wanda ya taɓa kujerar ya taɓa abin da ke kare ranka.

A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40 a inuwa, saman dashbod ɗin motar da aka bari a rana da gilasai a rufe kuwa yana iya haura digiri 70. Zafin nan ne ke ƙone sinadaran da ke sa roba laushi, sai ta bushe ta tsage, ko kuma ta narke ta yi danƙo. Masu Camry ɗin nan da ake kira Muscle sun san zancen: ka ɗora hannu a dashbod ya manne, da rana kuma ya riƙa ƙyalli a gilashin gaba har ya hana ka ganin hanya. Ba sakacinsu ba ne. A 2014 kamfanin Toyota da kansa ya tsawaita garanti a Amurka don canza irin wannan dashbod a motoci da dama, ciki har da Camry ta 2007 zuwa 2011 da wasu Lexus ES da IS. Wa'adin ya daɗe da cika, mu nan sai dai mu yi da aljihunmu. Wanda ya narke ba ya gyaruwa da goge-goge. Ko a canza shi, ko a rufe shi da shimfiɗar da aka yanka daidai da shi, wadda ta bar gurbin jakar iska ta ɓangaren fasinja a sake. Man da yaran wankin mota ke fesawa don ya yi sheƙi kuwa, ƙura kawai yake kamawa, ya ƙara hasken da ke kashe ido. Fetur da tina, waɗanda wasu ke goge danƙon maɓallai da su, har rubutun maɓallin suke cinyewa.

Rufin ciki da ya zazzago shi ma aikin zafi ne. Tsakanin yadin da allon rufin akwai siririn soso, shi ne ke ruɓewa ya zama gari. Don haka fesa gam ta ƙasa ba ya riƙewa, a kan garin ake fesa shi. Gyaran gaskiya sai an sauke allon gaba ɗaya, an kankare mataccen soson tas, an manna sabon yadi da gam mai jure zafi. Masu gaggawa sukan kafe shi da fil ko ƙananan ƙusoshi. Su sani cewa a gefen rufin, saman ƙofofi, akwai jakar iska a naɗe, wadda ke saukowa kamar labule cikin ƙiftawar ido. Ƙusar da aka kafa a hanyarta fuskar yaron da ke kujerar baya za ta nufa.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne kujera. Duba gefen kujerarka ta ɓangaren ƙofa. Idan ka ga ɗan ƙyalle ko tambari mai rubutun SRS ko AIRBAG, to ɗinkin da ke wannan gefen an yi shi ne da gangan don ya yage idan jakar ta taso. Mai ɗinkin da bai san haka ba zai sa zare mai ƙarfi ya ninka ɗinkin biyu, yana ganin ya yi maka aikin kirki, alhali ya ɗaure jakar ne. Haka rigar kujerar da ake sayowa a kasuwa a zura wa kujera har ƙasa. In fatar ta ƙoƙe ne kawai ba ta yage ba, ba ta buƙatar a feɗe ta. A wanke da ɗanyen tsumma da sabulu marar kaifi, a cike tsagun, a shafa launin fata da ya dace. In ta yage, a canza wannan ɓarin kaɗai, a bar ɗinkin gefen yadda kamfani ya yi shi. Masu ɗinkinmu gwanaye ne, na sha ganin aikin da sai an faɗa maka za ka san ba daga kamfani ya fito ba. Abin da ya rage wa da yawansu shi ne sanin lantarkin mota, shi ya sa bai kamata a cire kujera ba sai rewaya na tsaye a wurin.

A ƙarƙashin kujerar akwai mahaɗar waya mai launin rawaya, ta jakar iska ce. Ƙa'ida ita ce a cire kan batir, a jira 'yan mintuna, sannan a zare ta. Idan aka kunna mota kujera na waje, fitilar SRS za ta kama a gaban direba, kuma a motocin Jamus da yawa ba za ta mutu ba ko an mayar da komai, sai an sa kwamfuta an goge. A nan ne marasa tsoron Allah ke yin ha'inci: wani ya cire ƙwan fitilar, wani ya liƙe ta da baƙin salatif ta ciki, wani ya dasa ɗan abin da ke yaudarar kwamfutar motar ta ɗauka jakar tana nan. Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Ya kamata fitilar ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta. In ta tsaya a kunne, akwai matsala. In ba ta kama ba sam, matsalar ta fi girma.

Sauran binciken na kwamfuta ne. Tun 1996 kusan duk sabuwar motar da aka sayar a Amurka tana da ramin OBD a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar gano cuta. Sai dai ƙaramar na'ura mai araha inji kaɗai take karantawa. A nemi mai wadda ke shiga sashen jakar iska da na ƙofofi da kujeru. Kuma kafin ya goge komai, ka ɗauki hoton lambobin da suka fito da wayarka. Goge lamba ba gyara ba ne.

Ƙara-ƙarar da ke damun mutum a kan hanya ba ta buƙatar a kwance dashbod. A kwashe tarkacen aljihunan mota, wani ya tuƙa, wani ya riƙa danna sassan ɗaya bayan ɗaya har ƙarar ta ɗauke. Galibi ɗan maƙalin roba ne ya karye, sau da yawa a hannun wanda ya ɓamɓare murfin ƙofa da sukundireba.

Ruwa ya fi zafi ɓarna, don shi a ɓoye yake aiki. Motar da ke da tagar sama tana da siraran bututu a kusurwoyi da ke zubar da ruwan sama ƙasa. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiyar da ake fakewa a ƙarƙashinta su toshe su, ruwan Agusta ya zo ya gangara cikin kafet. A motoci da yawa akwai akwatunan lantarki da tarin wayoyi a ƙarƙashin kafet ɗin. Sai ka ji gilashi ya ƙi sauka, ƙofa na kulle kanta, batir na mutuwa da dare, a yi ta canza kaya ba a dace ba. Tura hannu ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa ka ji ko da laima. Mai shirin sayen mota kuma ya tuna cewa bayan guguwar Katrina ta 2005 da ta Harvey da ta cinye Houston a 2017, motoci masu ɗimbin yawa da ruwa ya shanye sun bi ta kasuwannin gwanjo. A ja bel ɗin kujera har ƙarshe a duba tabon laka, a haska ƙarfen da kujera ke gudu a kai a ga ko ya yi tsatsa, a kuma binciki tarihin motar da lambarta ta VIN mai harufa da alƙaluma 17. Turaren da ya yi yawa a motar sayarwa abin tambaya ne.

Sai shimfiɗar ƙafa, wadda ba wanda ke ɗaukarta da muhimmanci. A Agustan 2009, kusa da San Diego a Amurka, shimfiɗar da ba ta motar ba ce ta danne totur ɗin wata Lexus ES 350, mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka rasu. Bayan nan Toyota ta yi kiranyen motoci kusan miliyan 3.8. Mu kuwa nan har biyu muke jibgawa, ta roba a kan ta yadi, wani ma ya ƙara da guntun dardumar ɗaki don kada ƙura ta ɓata ta asali. A motar da ke zabura da an ɗan taɓa ta, wannan ganganci ne. Guda ɗaya ta isa, a maƙale ta a ƙugiyarta.

Idan sai an sayi kaya, Kofar Ruwa da Sabon Gari ba a rasa murfin ƙofa, maɓallai ko ma dashbod na hannu. A tafi da tsohon a gwada lambar da ke bayansa. Amma jakar iska da bel ɗin da aka ciro daga motar da ta yi hatsari, araharsu ba ta ado, a bar su.

Alhaji, Hajiya, kafin ku miƙa makulli ku tambayi mai gyaran abu biyu: zai cire batir kafin ya taɓa kujera, kuma me zai yi da ɗinkin gefen jakar iska? In ya yi dariya ya ce ba komai, ku karɓi makullinku ku nemi wani.