Isawa da Littafin da Suka Jira

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami a birni ana ce masa Malam Ibrahim. Cikin karatunsa na Alƙur'ani hankalinsa ya tsaya a kan Annabi Isa, har ya riƙa koya wa almajiransa cewa Isa yana da matsayi na daban. Maganar ta kai fada, aka ce ya janye, ya ƙi. Wajajen 1867 aka tsire shi a kasuwar Kurmi.

Almajiransa suka watse, da yawa suka nufi duwatsun Ningi. Jama'a suka laƙaba musu suna Isawa. Labarin da zuriyarsu ke bayarwa shi ne, malaminsu ya bar musu wasiyya cewa wata rana wasu za su zo da littafin da ke ɗauke da cikakken labarin Isa. Ba su da Linjila ko warƙa ɗaya, sai jira.

A 1900 wani likita ɗan Ingila, Walter Miller na mishan ɗin CMS, ya shigo Kano tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su. A 1905 Miller ya zauna a Zariya, yana magani, yana fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Sai a 1913 wasu daga cikin Isawa suka iso wurinsa. Tsakanin kisan malamin da wannan haɗuwa, shekara arba'in da 'yan kai.

Waɗanda suka karɓi Kiristanci a cikinsu suka kafa zama a Gimi, ƙasar Zazzau, da makaranta da majami'a. Ba a daɗe ba ƙudan tsando ya kawo ciwon barci, ya yi musu mummunar ɓarna, har zaman ya tashi. Aka kwashi sauran, galibi yara, zuwa Zariya, daga baya suka koma Wusasa, inda aka gina majami'ar Saint Bartholomew a 1929.

A nan amfanin littafin ya fito fili. Da laya suka ɗauke shi, da sun yar da shi a kaburburan Gimi, tunda bai kare su daga annoba ba. Amma suka riƙe shi, domin abin da suka nema a ciki daban ne: su san Isa da suka daɗe suna ambato, su san yadda za su zauna da mutane, su samu abin dogara ranar makoki. Shi ya sa karatu ya zame musu wajibi, kuma Wusasa ta yi suna da makaranta da asibiti.

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausar boko. Daga baya ya shiga ƙauyukan Maguzawa na kudancin Katsina, ƙasar masara da dawa da auduga, daga Funtuwa da Bakori zuwa Malumfashi da Ƙafur. Manomi Kirista a wajajen Tsiga yau yana karanta shi da harshen da yake cinikin hatsi da shi. Ba ya buƙatar tafinta, kuma in mai wa'azi ya kauce, zai iya buɗe sura da aya ya duba da kansa.