Gaskiya ko Jita-jita: An tafi da 60, an dawo da 40, matsakaici 50 ne?

Tambayi ɗalibin da ke shirin WAEC, ko direba a tasha: mota ta tafi da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo ta hanyar da ta bi da gudun 40. Nawa ne matsakaicin gudunta? Kafin ka rufe baki an ce maka 50. An haɗa, an raba biyu, shi ke nan.

Jita-jita ce. Amsar 48 ce.

A ce nisan kilomita 120 ne. Zuwa ya ci awa 2, dawowa ta ci awa 3. Motar ta yi kilomita 240 cikin awa 5 ke nan, in ka raba kuwa 48 za ka samu. Dalili shi ne ta fi daɗewa tana jan jiki da 40, don haka 40 ɗin ya fi rinjaye a lissafin. Mayar da nisan kilomita 12 ko 1,200, amsar ba za ta gusa ba. Ba a samun 50 sai in lokacin ne ya zo daidai, wato awa ɗaya da 60, awa ɗaya da 40. Kuma tsayawar salla, shan mai da layin shingen hanya duk suna cikin lissafi, domin agogo bai tsaya ba. Shi ya sa direban da ke cika baki cewa allurarsa ba ta sauka daga 120 ba yakan iso da matsakaicin da bai kai abin alfahari ba.

Akwai kuma maganar da ɗalibai ke ɗauka zolaya ce, cewa matsakaicin belositin wannan motar sifili ne. Gaskiya ce. Belositi ba ruwansa da yawan hanyar da aka ci. Tazarar da ke tsakanin mafari da matsaya yake dubawa, da alƙiblarta. Mota ta koma inda ta taso, tazara babu.

Wajen sauya ma'auni ma maki kan zube. Awa 1 da minti 30 ba 1.30 ba ne, 1.5 ne, tunda awa minti 60 ce. Kilomita 90 cikin wannan lokacin gudun 60 ne. Wanda ya danna 1.3 a kalkuleta zai ga wajen 69, ya rubuta da ƙarfin gwiwa. Shi kuma 3.6 da ake haddacewa wajen mayar da mita a daƙiƙa zuwa kilomita a awa ba daga sama ya faɗo ba: daƙiƙa 3,600 na awa ne aka raba da mita 1,000 na kilomita. Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, wato kusan mita 10.44 a daƙiƙa. Ninka da 3.6, ka sami kilomita 37.6 a awa. Masu cewa ya fi mota gudu, sai dai motar da ke cikin kasuwa.

To, ko tsananin malami ne kawai ya soke amsa don an bar ma'auni? A'a. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter. Manhajar wani ɓangare tana ba da alƙaluman ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren yana karanta su a matsayin niyuton. Kumbon ya matso duniyar Mars fiye da kima, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.